Kwat, Tikiti da Ƙofar Malami: Littafin Aikina na Sa Kai

Asabar, 19 ga Agusta, 2023

Yau na halarci zaman farko na masu tallafa wa sashen zaƙaƙuran ɗalibai a jami'ar garinmu, nan jihar Ohayo. Na ce bari in riƙa rubuta abin da ake ciki, don na san halina. In ban rubuta ba, nan da wata uku sai in rantse ban yi wa kowa alkawari ba.

Babbar 'yata ce ta jawo. A wannan sashen ta gama digiri cikin Mayu. Ranar bikin sai ga wata dattijuwar Baturiya ta rungume ta har da hawaye. Na tambaye ta ko malamarsu ce. Ta ce, "A'a Umma, ita ce ta yi mini gwajin intabiyu har sau huɗu. Kwat ɗin da na sa ran nan ma nata ne." Ina gari ɗaya da 'yata, wata can ta yi mata wannan hidima ban sani ba. Abin ya daɗe yana cina. Da takardar neman 'yan sa kai ta zo, ban yi shawara da kowa ba na cike.

Amurkawa Honors suke ce wa sashen. Da na faɗa wa yayata a Zariya, cewa ta yi ai ita ma akwai "Hons" a jikin digirinta. Ba shi ba ne. Namu na gida sakamako ne da ake liƙa wa takarda a ƙarshe. Wannan kuwa makaranta ce a cikin makaranta, tun ajin farko ake shiga. Maimakon zauren lacca mai cin ɗaruruwa, sai aji na mutum goma sha biyar ko ashirin a zagaye da tebur. Su ake fara buɗe wa rajistar darussa, suna da ɗakunan kwanansu, suna da masu ba su shawara kan manyan tallafin karatu. A ƙarshe kuma sai sun rubuta kundin bincike sun kare shi gaban malamai. A gida kowane ɗan ajin ƙarshe yana yin firojet, amma a nan yawancin masu digirin farko ba sa yi.

Shugabar sashen ta ɗan ba mu tarihi. Wani Frank Aydelotte, shugaban kwalejin Swarthmore kusa da Filadelfiya, shi ya kafa tsarin da aka fi koyi da shi a 1922. Ya yi karatu a Oxford da tallafin Rhodes, ya dawo da salon can, har da gayyato malamai daga wasu makarantu su yi wa ɗalibai jarrabawar ƙarshe. Na yi murmushi, don mu da muka yi karatu a gida mun san fargabar zuwan baƙon mai jarrabawa. Jami'o'in gwamnati ba su rungumi abin sosai ba sai da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi cewa an wuce ta a kimiyya.

Mu 23 ne a zaman. Ayyuka huɗu aka baje: liyafar tara kuɗi, gwajin intabiyu, ɗakin aron tufafi, da asusun tafiye-tafiyen ɗalibai. Kusan kowa ya ruga wajen liyafa. Ni na ɗauki intabiyu da tufafi.

Asabar, 9 ga Satumba

Mako uku ban ga ɗalibi ko ɗaya ba, sai takardu. An binciki tarihina ko na taɓa aikata laifi, na zauna gaban kwamfuta na yi horo har kala uku. Wanda ya fi ja mini hankali shi ne na dokar sirrin ɗalibai ta 1974, wadda suke kira FERPA. Da zarar yaro ya shiga jami'a, bayanan karatunsa nasa ne, ko uban da ke biyan kuɗi ba ya buga waya a karanta masa sakamako haka kawai. Na tuna yadda ake kafe mana maki a allo kowa ya karanta.

Saboda haka ba zan ambaci sunan kowa a littafin nan ba, ba kuma zan faɗi makin kowa ba.

Asabar, 23 ga Satumba

Gwajin intabiyu na farko. Ɗalibai shida, duk masu neman tallafin Fulbright, wanda majalisar Amurka ta kafa a 1946 don tura matasa karatu ko koyarwa a ƙasashen waje. Cikin Oktoba ake rufe karɓar takardu, kafin nan kuma kwamitin jami'a yana ganawa da kowane mai nema. Mu aikinmu mu fara gasa su kafin su je can.

Mu uku ne a teburina: ni, da wani tsohon alƙali, da wata mai aikin banki. Na ɓata rawata da tsalle tun a ɗaliba ta farko. Na murtuke fuska, na jefa mata tambaya kan tambaya kamar yadda aka yi mana a sashen haɗa magunguna, har muryarta ta fara rawa. Da ta fita alƙalin ya cire tabarau ya ce mini, a hankali, shi shekara da shekaru yana yanke hukunci, amma yau ba hukunci ya zo yankewa ba. Na ji kunya. Gaskiyarsa ce.

Ta huɗu ce ta tsaya mini a rai. 'Yar manoma ce daga wani ƙauye a kudancin jihar, ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Tana so ta je koyar da Turanci a ƙasar waje. Takardarta ta fi ta kowa daɗin karantawa, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dube mu ba. Hannayenta a ƙarƙashin tebur. Duk abin da ta yi sai ta rage masa tsawo: ta koyar da yaran 'yan ci-rani karatu shekara biyu, amma cewa ta yi ta "ɗan taimaka ne kawai". Na ce mata ta sake faɗa, ta cire "ɗan", ta cire "kawai". Sai da ta gwada sau uku kafin maganar ta fito.

A hanyar gida na yi ta tunani. Da na ɗauka kunya da kawaici kayanmu ne mu kaɗai, Bature kuwa da bakinsa a buɗe aka haife shi. Ashe 'yar ƙauyen Ohayo ma an hore ta da cewa yabon kai jahilci ne. Waɗanda suka shigo suna zuba kamar rediyo, da na bincika a hira, iyayensu lauyoyi ne da likitoci da malaman jami'a. A teburin cin abinci suka koyi wannan magana, ba a aji ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ɗakin tufafi. An ba mu wani ɗan sito a ƙasan bene, muka yi shela, kaya suka zo buhu-buhu. Rabinsu ba sadaka ba ce, shara ce aka sauke mana. Kwat mai kafaɗa kamar ƙofar gari, na zamanin da. Riguna masu warin ajiya. Takalmi ƙafa ɗaya. Ni da wasu mata biyu muka wuni muna tsincewa. Abin da ya tsira: kwat na maza 17, na mata 21, takalma ƙafa 12. Mai wankin da ke kusa da kantinmu ya yarda ya wanke a rabin kuɗi.

Na lura babu ko abu ɗaya da yarinya mai rufe jiki za ta iya sawa. Na kwaso dogayen siket biyu da mayafai huɗu marasa ado daga ɗakina na rataye. Wata ta tambaye ni ko akwai mai buƙata. Na ce mu bar su mu gani.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Wannan sai na zauna na rubuta shi da kyau.

Ran Laraba ina jera kaya a siton, waya a kunne ina yi wa Malam bayanin inda na ajiye miya, sai na ji an ce daga bakin ƙofa, "Mma, sannu da aiki." Na juya. Wani dogon yaro ne siriri, jakar baya a kafaɗa ɗaya. Ɗan zangon Kumasi ne, ajinsa uku, yana karanta kimiyyar sinadarai. Hausarsa irin ta can, ba ruwanta da mace ko namiji. "Mma, ka yi haƙuri na katse ka," in ji shi. Na ce ba komai ɗana, shigo.

Kwat ya zo nema, amma ba ita ce damuwarsa ba. Muna gwada masa ta biyu, hannun ya tsaya masa a tsintsiya, sai maganar ta fito. Dole kafin ƙarshen zangon nan ya kai sunan malamin da zai duba kundinsa, in ba haka ba a cire shi daga sashen. Yana da malamar da yake so. Yana da abin da yake son bincikawa, kuma abu ne mai kyau: hanya mai arha ta gane ko ƙwayar magani tana ɗauke da sinadarin da aka rubuta a kwalinta. Ya ce ya ga abin da jabun magani ya yi a unguwarsu. Ni da nake bayan kanta ina ƙirga ƙwayoyi kullum, ba sai an yi mini dogon bayani ba.

Na ce to me ya hana ka gaya mata?

Ya ce, "Mma, yaya zan je in tsaya a ƙofar farfesa ba ta kira ni ba?"

Na ajiye kwat ɗin. Na ce, ɗana, kowane malami a nan yana da sa'o'in da ya ware a mako, yana zaune a ofis ƙofa a buɗe, jiran ɗalibi kawai yake yi. An rubuta a takardar darasi tun ranar farko. Ya ce ya gani, amma ya ɗauka na waɗanda suka faɗi jarrabawa ne. Shekara biyu da rabi yana jami'ar, bai taɓa shiga ofishin malami ba. Yana cikin mafi ƙwazo a ajinsu, yana aikin ɗakin cin abinci awa 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarda masa ke nan lokacin karatu, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ƙofar nan don kai aka buɗe ta.

Muka zauna kan buhun kaya muka rubuta imel ɗin tare. Nasa na farko sakin layi uku ne na gaisuwa da ban-haƙuri. Na ce a gida wannan ladabi ne, a nan kuwa kafin ta kai ga buƙatarka ta rufe. Muka mayar da shi layi biyar: ga ni, ga ajin da na yi da ke, ga abin da nake son bincikawa, ko zan iya zuwa ran Alhamis? Yatsansa ya daɗe a saman madannin. Na ce matambayi ba ya ɓata, danna.

Jiya da daddare ya turo mini saƙo. Ta amsa cikin awa biyu, ya je, sun yi hirar minti 40, ta karɓe shi.

Kwat ɗin kuwa na kai wa wata tela 'yar Somaliya ta saki hannun.

Jumma'a, 24 ga Nuwamba

Jiya ce ranar godiyarsu ta Amurkawa, jami'a ta watse, ɗakin cin abinci a rufe. Na roƙi shugabar sashen ta sanar cewa duk wanda ba shi da wurin zuwa ya zo gidanmu. Takwas suka zo. Talo-talo ɗaya na gasa don kada a ce ba a yi ba, na haɗa da dafa-duka da ƙosai da zoɓo. Zoɓon a kantin 'yan Meksiko nake saye, su ma suna shansa. Talo-talon ya kwana, ƙosan bai kai magariba ba.

Malam ya kama ɗan Kumasi da hirar ƙwallo har sha ɗaya. A nan na ji yana cewa manyan tallafin da ake ta yi wa 'yan ajinsu huɗuba a kai ba nasa ba ne. Haka ne: Goldwater, na masu kimiyya, wanda ke kai dala 7,500 a shekara, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Na ce masa amma Rhodes yana da gurbin Afirka ta Yamma, Gana da Nijeriya da Nijar duk suna ciki, ya je ofishin tallafi ya tambaya. Bai taɓa ji ba.

Asabar, 16 ga Disamba

Zaman ƙarshen zango. Mu 14 muka zo.

Rahotona: gwajin intabiyu 19, aron tufafi 26, an dawo da 22. Mayafai biyu sun fita.

Ɗalibai da dama sun tura taƙaitaccen bincikensu zuwa babban taron binciken masu digirin farko na ƙasa, wanda ake yi duk shekara tun 1987. Mai zuwa a Long Beach ne, jihar Kalifoniya, 8 zuwa 10 ga Afrilu. Ɗan Kumasi ma ya tura, da ɗan sakamakon farko da malamarsa ta ce ya isa. Mai riƙe da asusun tafiya ta ce aiki ya yi mata yawa. Aka yi shiru, kowa yana duban takardarsa. Na ɗaga hannu. Malam ya ce da ma ya san za a rina.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Sanyin makon jiya ya fi ƙarfin misali, motata ta ƙi tashi kwana biyu. Ba a yi komai ba sai amsa imel.

Hankalin yara a tashe yake kan takardar neman agajin karatu ta gwamnatin tarayya, FAFSA. Bisa al'ada 1 ga Oktoba ake buɗe ta, bana an sake mata fasali ba ta buɗu ba sai ƙarshen Disamba, kuma tana ta tsayawa. Wanda karatunsa ya dogara da tallafin Pell na ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, da bana iyakarsa dala 7,395, ba ya jin wata maganar taro a Kalifoniya. Ba abin da za mu iya yi a kai. Na dai ajiye shayi da biskit a siton, masu zuwa aron kaya suna zama su huce.

'Yar manoman ta tsallake zagayen farko na Fulbright ko ba ta tsallake ba, sai ƙarshen wata.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ta tsallake. Ta zo har sito ta gaya mini, kuma ta dube ni ido cikin ido.

Sauran labarin ba daɗi. An karɓi ɗalibanmu tara a taron Long Beach. Na buɗe littafin asusu da murna, akwai abin da zai ba kowa dala 600. Kwana biyar bayan sanarwa, uku suka rubuto cewa sun fasa, har da ɗan Kumasi. Dalilin kowa "uzuri".

Na kira shi. Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce ɗana, ni ba farfesa ba ce, faɗa mini. Ashe tsarin shi ne ɗalibi ya biya rajista da jirgi da masauki daga aljihunsa, ya dawo ya kawo rasit, sannan a mayar masa bayan makonni. Ya ce, "Mma, wanda yake da dala 600 da zai ajiye wata biyu, ai ba shi ne mai buƙatar dala 600 ba."

Na rasa abin cewa. Shekaru ana ba da wannan tallafi, ana rubutawa a rahoto cewa an taimaki ɗalibai kaza, ba wanda ya ƙirga waɗanda suka janye shiru. Mai katin bashi na iyaye ya tafi ya dawo ya karɓi kuɗinsa. Wanda aka kafa asusun dominsa ya ce yana da uzuri.

Niyyata ta farko in zaro kuɗi in ba su, in sun karɓa su mayar mini. Shugabar sashen ta hana, kuma da hujja: ɗan sa kai ba ya bin ɗalibi bashi, sannan duk kuɗin da ya shiga hannun ɗalibi da sunan tallafi yana iya taɓa lissafin sauran agajin da yake samu. Dole ta hanyar gidauniyar jami'a za a bi. Na je ofishin kuɗi ran Talata. Wanda na samu ya ce haka tsarin yake. Na ce wa ya tsara? Ya ce in rubuto imel. Na rubuta. Aka amsa da cewa an tura wa wani.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Zaman jiya ya yi zafi. 'Yan liyafa sun kawo kasafin da ya haɗa da furanni da mai kaɗa garaya. Na ce kuɗin furannin kaɗai zai kai yaro ɗaya Kalifoniya ya dawo da shi. Na faɗe shi da kaifin da bai kamata ba, shugabar liyafar ta yi ja har kunne.

Amsarta kuwa ba ta banza ba ce. Ta ce manyan sassan nan da ake ji da su, kyautar masu hannu da shuni ce ta ɗaga su. Na jami'ar jihar Pensilbaniya dala miliyan 30 William Schreyer da matarsa suka ba shi a 1997, shi ya sa yake ɗauke da sunansu. Na jami'ar jihar Arizona kuma Craig Barrett na kamfanin Intel da matarsa suka ba shi miliyan 10 a 2000. Irin waɗannan mutane, in ji ta, ba a sito ake samunsu ba, a liyafa ake samunsu. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tara kuɗin sannan a ɗora shi a kan rumfar da gajere ba ya kaiwa.

Tsohon alƙalin ne ya raba mu. Ya ce ba ƙarin kuɗi nake nema ba, hanya nake nema, kuma shi ya san yadda ake karanta ƙa'ida. Ya karɓi kundin dokokin tafiye-tafiye na jami'ar ya tafi da shi gida.

Bayan an tashi na bi matar har mota na ba ta haƙuri kan lafazina. Ban janye maganar ba.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Alƙali ya gano. A cikin kundin nasu akwai sakin da ya yarda sashe ya sayi tikiti ya biya rajista kai tsaye da katin ofis, kamar yadda ake yi wa malamai. Ba a taɓa hanawa ba, ba a dai taɓa yi wa ɗalibai ba, don ya fi wa ma'aikata wahala. Muka je mu uku da shugabar sashen. Minti 20 aka gama. Sakatariyar sashen ce za ta ɗauki nauyin, kuma na san aiki muka ƙara mata ba tare da ƙarin ko sisi ba. Na kai mata zoɓo, na kuma sa a rubuta sunanta cikin waɗanda za a karrama a liyafa.

Biyu daga cikin ukun sun dawo. Ta ukun ta riga ta karɓi aikin ƙarshen mako a gidan abinci, ta ce ba za ta iya saki ba. Da mun yi wannan tun Disamba da ta tafi. Ni na karɓi asusun a Disamba, ban kuwa tambayi yadda kuɗin ke fita ba sai da aka janye.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama ran Litinin, kwana ɗaya bayan an tura agogo gaba da awa guda, don haka sai takwas saura muke shan ruwa. Na mayar da zaman gwaji zuwa safe.

Yau masu tafiya takwas suka kafe fostocinsu a bango, kowa aka ba shi minti uku ya yi wa wanda ba fanninsa ba bayani. Ɗan Kumasi ya fara da sunayen sinadarai, mai aikin banki ta yi masa kallon ban gane ba. Na ce masa da Hausa, yi mini kamar kakarka ce ta tambaye ka me kake yi a Amurka. Ya yi dariya, ya yi shiru, sannan ya ce yana neman hanyar da mai kemis na unguwa zai gane maganin gaske da na ƙarya ba tare da injin miliyoyi ba. Na ce to juya shi Turanci haka nan, sinadaran su biyo baya. Alƙali ya ce yanzu ya ji abin da zai tsaya ya saurara.

Ya yi gaskiya kuma a inda aikin bai kai ba: hanyar tana aiki a kan ƙwaya ɗaya da ya gwada, a ta biyu launin yana ruɗewa. Ya so ya cire wannan daga fostar. Malamarsa ta ce ya bari, ni ma na ce ya bari.

Asabar, 30 ga Maris

'Yar manoman ta sami amsa. Ba a ɗauke ta ba, ba a kuma yar da ita ba: tana jerin masu jiran gurbi, in wani ya fasa a kira ta. Yana iya zama gobe, yana iya kaiwa bazara, yana iya ƙin zuwa. Ta zauna a siton ta yi kukanta. Ban ce mata komai ba sai da ta gama, na zuba mata shayi, ni ina azumi ina kallo. Daga baya muka buɗe kwamfuta muka duba guraben koyarwa biyu a cikin jiha, don kada ta zauna jiran tsammani. Kwat ɗin da ta ara tun Satumba na ce ta riƙe tukuna.

Asabar, 13 ga Afrilu

Mako mai cika. Ran Litinin aka yi husufin rana, garinmu yana cikin layin da ta rufe ruf. Wajen uku da 'yan mintuna gari ya yi duhu, fitilun titi suka kama, tsuntsaye suka yi tsit. Mun yi sallar husufi a masallaci, azumi a baki. Ɗan Kumasi yana Kalifoniya a lokacin, inda gefe kawai ta ci. Sallah ma ran Laraba a can ta same shi. Ya turo hoto tsaye gaban fostarsa cikin kwat ɗin nan, hannun ya sauka daidai, ya rubuta, "Mma, barka da Sallah. Mutum goma sha ɗaya sun tsaya, ɗaya ya ba ni katinsa." Na ce ya rubuta wa mai katin kafin mako ya fita, layi biyar.

Inda aiki yake yanzu: intabiyu 31 tun Satumba. Tufafi bakwai suna waje, uku na san ba za su dawo ba. Asusun tafiya ya rage dala 410. 'Yan sa kai da ke zuwa a kai a kai mu tara ne.

Liyafa ran 27 ga wata, an bar furanni an cire mai garaya, kuma an ba ni minti biyar in yi magana, abin da ban roƙa ba. Sayen tikiti kai tsaye har yanzu alfarma ce ta bana, ba a rubuta shi a matsayin ƙa'ida ba; alƙali yana tsara takardar da za mu kai kafin shugabar sashen ta tafi hutu. Na kuma nemi a ba ni rabin awa a makon tarbar sababbin ɗalibai cikin Agusta, in kwashi 'yan ajin farko rukuni-rukuni mu hau bene, kowa ya ƙwanƙwasa ƙofar malami ɗaya ya gaishe shi ya faɗi sunansa. Shugabar ta ce za ta tuntuɓi malamai, ba ta ce e ba tukuna.

Ran Talata zan kai kwat shida wanki, in biya wajen tela in karɓo siket ɗin da aka rage wa tsawo.